Biskit Ɗan Jidda na Bayan Tashar Gummi

Na ji ku ɗazu a tsakar gida, kun haɗa kai a kan waya kuna kallon wata mata tana yin biskit, kuna cewa ai abin ba wuya: a zuba wannan, a zuba wancan, a tura cikin na'ura, kafin a kira la'asar ya gasu. Haka ne. Matar ban ga ta yi gumi ba, ko hayaƙi bai shiga idonta ba. To tun da kun riga kun iya, ku matso in ba ku labarin yadda mu da ba mu iya ba muka yi shi, har aka kusa ɗaure mutum a kansa.

Da tankaɗe na fara. Lokacin muna Anka, a ƙarshen shekarun saba'in, kakanku Malam Umaru yana masinja a asibiti. Aka kawo wani likita ɗan Masar da matarsa, Madam Samira, tana neman mai taya ta aikin kicin. Malam ya yarda in je don Musulmi ne, kuma da rana babu namiji a gidan. Ita ba ta jin Hausa, ni kuma Larabcina bai wuce na salla ba. Kalma ɗaya muka yi tarayya a kanta, "la", wato a'a, kuma ba ta faɗinta sai da bayan cokali a kan hannuna. In na tankaɗe fulawa sau ɗaya, la. In na sake, ta shafa ta ji, la. Ni da nake tankaɗen garin tuwo tun ban kai tsawon turmi ba, sai ga shi a gidan baƙuwa aka gano ban iya riƙe rariya ba.

Daga nan aka ƙara mini girma, aka ba ni tsince zabibi. Busasshen inabi ne, kowane ƙwaya da ɗan tsinke a gindinsa, sai kin bi su ɗaya bayan ɗaya. Dabino a cire ƙwallo, a yanka da almakashi, a barbaɗa masa fulawa don kada ya dunƙule. Gyaɗa a soya ta cikin yashi, a murje, a sheƙe, a ɓara ta gida biyu, ba a daka ta. Damina ta wuce, kaka ta wuce, ban taɓa kwaɓin da hannuna ba. Ranar da ta fara miƙo mini cakulan in ɗanɗana, baƙi ƙirin mai ɗaci irin na dafawa, na ɗauka maganin mijinta ne. Na riƙe shi a kunci don kunya, har ta juya baya na tofar a toka. Ta gan ni ta gilashin taga, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Washegari ta ba ni muciya.

Kwaɓin biskit ba kwaɓin fanke ba ne, ba kuma na burodi ba. Fanke yana son duka, biskit yana son a rabu da shi. Za ki buga mai da sukari har ya yi fari, har kafaɗarki ta fara yi miki magana, sannan ƙwai, sannan fulawa da garin cakulan da hodar tashi. Daga fulawa ta shiga, sai ki juya kamar kina tsoron kada ki tashi jariri. In kika murza shi da ƙarfi, zai fito kamar tsingaro, a jefi kare da shi. Madam tana sa in tsoma hannu cikin ruwan randa kafin in taɓa, don zafin tafin hannu kawai ya isa ya narkar da man. Abu na ƙarshe da ta koya mini shi ne a sauke shi tun yana kama da bai gasu ba. Wannan ya fi ba ni wuya. Ido yana cewa a ƙara masa, hanci yana cewa ya isa, kuma hanci ne mai gaskiya.

Da wa'adin likita ya cika suka koma ƙasarsu, mu kuma aka mayar da Malam Gummi. Muka kama gida a bayan tashar mota. Na zo da sana'a a kaina, amma murhun gas mai ƙofa ya tafi Masar.

Babbar tukunyar ƙarfe na samu, irin ta dafa abincin suna. Na zuba yashin gulbi a gindinta, na kafa gwangwanayen madara uku a kai, na ɗora faranti, na rufe da murfi, wuta a ƙasa, garwashi a sama. Ku ji shi a baki kamar wasa. Yashi in da danshi, tururi zai jiƙa biskit ya zama ɗanwake. In da ɓawon ƙumba a ciki, zai fashe ya watsa miki tsakuwa a faranti, sai mai saye ya gano ta da haƙorinsa. Gawayin ƙirya na maƙera ne, yana cin gindin biskit kafin samansa ya san an kunna wuta. Na marke ya fi haƙuri. Babu agogo, babu lamba. In ina son in san zafi, sai in watsa ɗan gari a faranti: in ya yi ja a hankali, daidai, in ya yi baƙi kafin in mayar da hannu, a rage itace. Gashin hannuna na dama bai sake tsirowa ba har yau.

Kayan haɗi kuwa kowanne da tasa fitinar. Sukari na kwali ne, ƙwaya-ƙwaya, sai an daka. Na ware masa turminsa, na hana kowa. Ran da maƙwabciyata ta ara ba da sanina ba ta daka daddawa, na fitar da biskit mai ƙamshin miyar kuka, awaki ma sai da suka yi shawara kafin su ci. Man shanu wata Bafillatana ce, Adda Hurera, take kawo mini daga rugarsu ta hanyar Zugu, sai na wanke shi da ruwan sanyi har tsamin nono ya fita. Garin cakulan direbobi ke sayo mini a kantunan Gusau. Cakulan na sanda kuwa, wanda ake fasawa a watsa a ciki, in an sayo shi da bazara, kafin mota ta wuce Anka ya zama kunu a cikin takardarsa. Zabibi da dabino mai kyau a wurin alhazai nake samu. A waɗancan shekarun kowa yana hawa jirgi, kowa ya dawo da tsaraba fiye da yadda zai iya rabawa, sai in bi gidajensu in saye ragowar.

Bawa mai shayi shi ne ya fara karɓa. Abokin Malam ne tun ƙuruciya, teburinsa na bakin ƙofar tasha, inda motocin Bukkuyum da na Gusau ke lodi. Malam ya kai masa kwano guda da safe a kan keke. Kafin azahar sai ga Bawa a zaure da kwanon, yana sallama.

"Uwargida, wanga abu ai ya ƙone," in ji shi ta bayan labule. "Kuma direbobi sun ce ƙuda ya mutu ciki."

"Malam Bawa, ba ƙuna ba ce, launin cakulan ne. Ƙudan kuma zabibi ne, daga Makka alhazai sunka kawo shi."

Na ji yana tauna ɗaya.

"Daga Makka kika ce?"

"Daga Makka."

"To ke dai ki yi ta gasawa. Ki bar min baki."

Ya sayi akwatin gilashi ya jera su a ciki kamar agogo. Duk wanda ya tambaya, sai ya sassauta murya ya ce, "Abin da ke cikin wanga, daga ƙasa mai tsarki yaz zo." Bai ƙara ko kalma ba. Mutane suka ƙarasa masa sauran. Kafin wata ya mutu, biskit ɗina ya sami suna, ɗan Jidda. Ƙunar ta zama alamar asali, ƙudan ya zama albarka. Direban da ya ce ba zai ba jakinsa ba, shi ne yake sayen na matarsa da na uwarsa. Akwai wanda ya rantse ya ci irinsa a bakin filin jirgi a can. Ni kuwa ina bayan katanga, hayaƙina yana tashi yana bi ta kan teburin Bawa, ba wanda ya taɓa haɗa hayaƙin da akwatin. Da ƙamshi ya dami maƙwabta, sai suka ce matar masinja tana ƙona gyaɗa kullum, ba ta iya suya ba.

Gara mafi girma da na yi ta wata Hajiya Mairo ce daga Bukkuyum, matar wani dillalin shanu. Za ta kai ɗiyarta ɗaki, tana son ban da alkaki da nakiya a ga ɗan Jidda cike da fanteka, dangin ango su san inda suka nemi aure. Ta je wurin Bawa. Bawa ya ga abin ya fi ƙarfin akwatinsa, ya ce mata jirgi ba ya ɗauko da yawa haka, amma akwai wata mata a bayan tasha da ke ɗan kwaikwayo. Ta shigo mini da haƙorin Makka yana walƙiya, ta kwance bakin mayafi ta fito da biskit guda, wanda na gasa da hannuna shekaranjiya.

"Ɗiyata, an ce kina taɓawa. Kina iya yin awa wanga?"

"In gwada, Hajiya."

Na ɗauko mata ɗaya daga cikin ragowar wannan gashin, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Ta gutsiri nata, ta gutsiri nawa, ta rufe ido tana aunawa.

"Kin kusa," ta ce. "Wallahi kin kusa. Amma kin san ruwansu na can daban ne."

Na ce haka ne, Hajiya, ruwa ba a kwaikwayonsa. Na yi mata fanteka biyu, ta roƙe ni kada in faɗa wa kowa a Gummi aka yi. Na ce ta kwantar da hankalinta, riƙon wannan sirri na saba da shi.

Sai shekarar fari ta zo, wadda soja suka dawo mulki. Gulbi ya ja baya har yara na tsallaka shi da ƙafa, shinkafar fadama ta bushe a tsaye. Ciwo ya shiga shanu, su Adda Hurera suka kwashe abin da ya rage suka yi kudu, man shanu ya zama sai an yi rantsuwa kafin a nuna miki. Fulawa, sukari, madara, sabulu, duk suka koma abin layi. A tsaya tun safe a rana, a zo kanki a ce ya ƙare. Aka kafa kwamiti na bin kasuwa, ana fasa shagunan masu ɓoye kaya, ana kama masu shigo da na waje ta bayan fage. Na rage gashi, daga kullum na koma ranar kasuwa kawai. Bawa ya gaya wa masu saye jirgi ne ya rage tashi.

Wata ranar kasuwa da hantsi Malam ya shigo ba ko sallama, hularsa a hannu.

"Kulu, an kama Bawa."

"Mi yay yi?"

"Fasa-ƙwauri. Sun ce shina sayar da kayan waje ba takarda. Sun tahi da shi da akwatin."

Shaidu kuwa ba a wahala ba wajen samunsu. Rabin tasha sun tabbatar daga Jidda ake kawowa, har da mai cewa ya ga kwalin da idonsa. Bawa ya yi ta rantsuwa shi bai taɓa cewa haka ba, su sunka ce, kuma wannan karon gaskiya yake faɗa, sai dai bakin da ya gina abin ya kasa rushe shi. Aka ce za a yi masa bulala a bainar jama'a, a wuce da shi Sakkwato. Mutum ne mai iyali da tsohuwar uwa makauniya, teburin nan shi ne gonarsa. Da ya ga babu mafita ya ce musu, "Matar Umaru masinja ka yin shi, nan bayan tasha." Aka kwashe da dariya har da masu tsaronsa. Shugaban kwamitin, wani jami'i baƙo mai gilashi, ya ce to ba gardama, a je ta yi a gani. In ta yi, a sake shi. In ba ta yi ba, a haɗa da mai gidanta, don shi ke kai kayan.

Abin da ya rage mini a ɗaki ranar, fulawa ce a gindin buhu wadda ƙwari suka riga ni sani, da garin cakulan da ya daskare a gwangwani sai da na fasa da taɓarya. Man shanu ɗan ƙoƙo ne, na ɓoye don jego. Ƙwai na zabuwa, maƙwabciyata mai daddawa ce ta miƙo ta kan katanga, Allah ya ji ƙanta. Gashi ɗaya za su yi, ba na biyu. In ya ƙone, ba ni da abin sakewa.

Suka cika mini tsakar gida: jami'in a kan kujerar Malam, mai unguwa a tabarma, soja guda da bulala a ɗamara, Bawa a tsugune gefen rijiya, rigarsa a yage. Samari suka hau katanga da bishiyar dalbejiya. Na ja mayafi na ɗaure a ƙugu, na fara tankaɗe. Na tankaɗe, na sake, na kuma sakewa saboda ƙwarin. Jami'in ya duba agogonsa.

"Malama, ba za a iya sauri ba?"

"Ranka shi daɗe, ana iyawa. Sai dai wanda za a samu ba shi kuka kama ba."

Ya gyara zama. Iska ta ƙi kaɗawa ranar, garwashi ya yi ta lumshewa, hannuwana kuma duk kwaɓi. Malam ya tashi zai taimaka, aka ce shi wanda ake tuhuma ne, ya zauna. Sai sojan ya ajiye bulala ya ɗauki mafici. Ya iya fifita, ban ɓoye masa ba. Da ya zarce na ce ya sassauta, ya ce, "To, Mama." Bawa bai ɗaga kai ba, leɓensa kawai ke motsi. Ina jin bai taɓa yin salati mai yawa haka a kan abin da ya ce daga ƙasa mai tsarki yake ba.

Da ƙamshi ya tashi, surutun kan katanga ya mutu. Wani ya ce, "Kai, wanga ai warin ƙonannar gyaɗar nan ne." Na kawar da garwashi, na buɗe, na sauke farantin. Sun baje daidai, gefe ya kama, tsakiya da taushi. Na bar su suka sha iska, sannan na tura gaban jami'in.

Ya ce a kawo waɗanda aka kama a gwada. Sojan ya tafi ya dawo da akwatin gilashi, wanke tas, ko ɓurɓushi babu. Jami'in ya dube shi, shi kuma ya dubi dalbejiya. Aka rasa abin gwadawa. Can sai mai unguwa, tsoho mai sanin ya kamata, ya ce tun da shaidar ta ɓata, sai a nemi wanda ya san ta a baki. Sojan ya matso ya ɗauki guda, ya tauna a tsanake kamar mai yanke hukunci.

"Oga, shi ne. Har wannan ya fi laushi."

Aka saki Bawa nan take. Farantin kuma aka tafi da shi ofis, wai za a ajiye a matsayin sabuwar shaida. Farantin ya dawo, shi kaɗai.

Kuna tsammani daga nan kasuwa ta buɗe, ko? Sunana ya fito, gari ya san gwanintata. To ranar kasuwar da ta biyo, Bawa ya jera biskit a akwati, ya wuni yana korar ƙuda na gaske. Wanda ya tsaya sai ya ce, "A'a, na Kulu ne? Shi za a saya da tsada haka? Ai nan bayan katanga aka yi shi." Masu cewa da ma sun sani suka fi masu shan shayi yawa. Wasu suka daina gaisawa da Bawa, ba don ya ruɗe su ba, don ya bari an gane. Ciniki ya koma rabin rabi, ga fulawa babu. Na shiga haɗawa da garin dawa da na rogo, ina ƙara dabino don ya rufe, ina yin ƙuli-ƙuli a gefe don tukunya ta ɗoru. Haka muka ja har ruwa ya sauka shekara ta gaba, shanu suka dawo, matan ma'aikata da malaman makarantar kwana suka fara aiko da kwanoninsu. Su ne suka riƙe ni shekaru, suna, biki, salla, har idona ya gaji da hayaƙi.

Amma mai sayen farko bayan shari'ar nan ba su ba ne. Ana gab da ƙaramar salla, aka yi sallama a zaure da la'asar. Malam ya fita, ya dawo da sauri, ya ce jami'in nan ne mai gilashi, kuma ni yake nema. Na tsaya bayan labule ina lissafin abin da muka yi kuma. Shi kaɗai ya zo, ba soja, ya bar motarsa nesa. Ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi aiki, ya tambayi yara. Sannan ya turo wani abu ta ƙarƙashin labule: babban gwangwani mai murfi, fanko, da rubutun Turawa da hoton wata fada a kan dutse. A hannunsa ɗaya kuma ƙullin fulawa da sukari, irin waɗanda ake layi a kansu.

"Malama, zan je gida hutu, wurin surukaina. Na gaya musu ina da aboki mai zuwa Ingila." Ya yi gyaran murya. "A cika mini shi. A jera da kyau, kada a ga alamar hannu."

Na cika masa. Na shimfiɗa farar takarda tsakanin jeri da jeri, na goge murfin da tsumma. Da ya dawo daga hutu ya aiko da gwangwanin a sake cikawa, tare da saƙo: surukarsa ta ce a gaya wa abokin, Turawa dai Allah ya ba su hannu.